Aksolotul Mai Launin Asali a Tankin Gilashi: Abin da Launi Ke Nunawa da Abin da Yake Ɓoyewa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kiwon aksolotul mai launin asali, wato mai duhun jiki irin na tafkin Xochimilco da ke ƙasar Meksiko, a matsayin dabbar sha'awa da ake ajiyewa cikin tankin gilashi. Ta bibiyi yadda dabbar ta baro tafkinta ta shiga ɗakunan bincike da gidajen jama'a, ta bayyana yadda launin ke samuwa da yadda ake gadonsa, sannan ta tsaya a kan sharuɗɗan kiwo, musamman sanyin ruwa. Matsayin maƙalar shi ne, duhun fata ba shaida ba ce ta tsarkin jini, kuma sayen mai launin asali ba ya ƙara ko ɗaya a kan 'yan kaɗan ɗin da suka rage a tafkin. Haƙƙin da ke wuyan mai kiwo haƙƙi ne na ran da ke gabansa, kuma a ƙasa mai zafi haƙƙi ne mai wuyar saukewa.

1.0 Gabatarwa



A watan Oktoba na shekarar 2021 babban bankin ƙasar Meksiko ya fitar da sabuwar takardar kuɗi ta feso 50. A bayanta an sa hoton wata dabbar ruwa mai faffaɗan kai da gajerun ƙafafu huɗu, da wasu rassa masu gashi-gashi da suka fito ta bayan kanta. Watanni kaɗan kafin nan, a watan Yuni, masu wasan kwamfuta na Minecraft sun saka wannan dabba cikin wasansu, yara miliyoyi suka fara ganin ta a wayoyi da kwamfutoci. Ita ce aksolotul, wadda mutanen Meksiko ke kira aholote, masana kuma suka ba ta sunan Ambystoma mexicanum.

Hoton da duniya ta fi sani shi ne na farin aksolotul mai ɗan ja-ja, mai baƙaƙen idanu da baki kamar yana murmushi. Wanda ya leƙa tafkin da dabbar ta fito ba irin wannan zai tarar ba. Na tafkin duhu ne, tsakanin baƙi-baƙi da ruwan ƙasa da kore-kore, jikinsa da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Akwai masu kiwo da suka fi son wannan mai duhun, wasu don kyawunsa, wasu kuma don sun ɗauka shi ne na gaske, farin kuwa ƙirƙirar ɗan Adam ce. Daga cikinsu har akwai masu jin cewa ajiye shi a gida gudummawa ce ga hana dabbar ɓacewa daga doron ƙasa. Wannan zato na ƙarshe ne ya sa na rubuta wannan takarda, domin zato ne da ya fito daga kyakkyawar niyya, amma hujjojin da ke hannu ba su goyi bayansa ba.

2.0 Dabbar da mazauninta

Aksolotul ba kifi ba ne, ko da yake duk rayuwarsa cikin ruwa yake yin ta. Dangin kwaɗi ne, daga reshen da ake kira salamanda, masu jela da ƙafafu huɗu. Mun san yadda talibambam ke girma ya zubar da jela, ya fito tudu ya zama kwaɗo. Salamanda da yawa ma suna yin irin wannan rikiɗa: su fara rayuwa cikin ruwa da gaɓoɓin numfashi a waje, daga baya su zubar da su su koma tudu. Aksolotul ba ya yin haka. Yakan balaga har ya hayayyafa alhali yana ɗauke da siffar ƙuruciya. Dalili kuwa shi ne jikinsa ba ya tsatso isasshen sinadarin nan na maƙogwaro da ke tayar da rikiɗar. Idan aka yi masa allurar sinadarin, ko aka ba shi aidin mai yawa, yana iya rikiɗa, amma abin yakan wahalar da shi kuma yakan gajarta masa kwana.

Rassan nan da ke bayan kansa, uku ta kowane gefe, su ne gezar numfashinsa. Da su yake tsotsar iskar oksijin daga ruwa. Yana kuma numfashi ta fata, yana da ɗan huhu da yake amfani da shi in ya taso ya haɗiyi iska. Masuntanmu da suka taɓa ganin 'ya'yan gaiwa ƙanana sun san irin wannan geza, bambancin kawai gaiwa tana rage ta yayin da take girma. Babban aksolotul yakan kai tsawon santimita 23 zuwa 30, kuma a hannun mai kula da shi sosai yakan yi shekara 10 zuwa 15.

Abin da ya ɗaukaka shi a wurin masana shi ne baiwar da Allah Ya yi masa ta mayar da gaɓa. In ƙafarsa ta gutsire, wata ce ke tsirowa da ƙashi da jijiya da yatsu, ba tare da tabo ba. Haka jela, da laka, da wani yanki na zuciya da na ƙwaƙwalwa. A shekarar 2018 aka wallafa jerin ƙwayoyin gadonsa a mujallar Nature, aka tarar sun kai kimanin haruffa biliyan 32, kusan ninki goma na ɗan Adam.

Mazauninsa na asali ɗan ƙarami ne ƙwarai: tafkunan Xochimilco da Chalco a kwarin Meksiko, wurin da ke bisa tudu na kimanin mita 2,240 sama da teku. Wannan tsayi ne ya sa ruwan wurin ke da sanyi duk shekara, kuma ina roƙon a riƙe wannan batu, domin a kansa duk maganar kiwo ta rataya. Al'ummar Aztek sun san shi, sun ci namansa, sun danganta shi da abin bautarsu Xolotl. Sun kuma gina gonaki a cikin tafkin ta hanyar tara laka da ciyayi su yi tsibirai, waɗanda ake kira cinampa, da hanyoyin ruwa a tsakaninsu. Cikin waɗannan hanyoyi aksolotul ya zauna ƙarni bayan ƙarni, kusa da manoma, ba tare da sun ƙarar da shi ba.

3.0 Daga tafki zuwa tanki

A shekarar 1864 aka kawo aksolotul 34 da ransu birnin Paris daga Meksiko. An ba masani Auguste Duméril guda shida daga cikinsu a gidan adana tarihin halittu na birnin. Suka hayayyafa a hannunsa, a shekarar 1865 kuma wasu daga cikin 'ya'yan suka rikiɗa suka zama dabbar tudu, abin da ya girgiza masanan zamanin. Duméril ya rarraba 'ya'yan ga ɗakunan bincike da masu sha'awa a faɗin Turai. Cikin 'yan shekaru aksolotul ya zama dabbar gida a Faransa da Jamus da Ingila da wasu ƙasashe. Mafi yawan waɗanda ke tankuna a duniya yau salsalarsu na komawa ga wannan ɗan ƙaramin garke, da 'yan ƙare-ƙaren da aka riƙa yi daga baya. Farin nan mai baƙin ido ma daga tsatson Paris ya yaɗu.

Sai wani abu na biyu ya faru a Amurka, wanda shi ne ƙashin bayan hujjata. A shekarar 1962 aka tsinci wata zabiyar salamanda a jihar Minnesota, daga wani jinsi dabam da ake kira salamanda mai zanen damisa. Masani Rufus Humphrey na Jami'ar Indiana ya haɗa ƙwanta da irin aksolotul, ya ci gaba da barbarar zuriyar da aksolotul har ya samu zabiyar aksolotul, ya wallafa sakamakon a 1967. Duk zabiyar aksolotul irin wannan da ake sayarwa yau daga wannan haɗi ta samo asali. Zuriyar ta cuɗanya da sauran garken, domin masu kiwo ba sa ware launi da launi. Garken aksolotul na Jami'ar Indiana ya koma Jami'ar Kentucky, inda ya zama babbar cibiyar da ke raba aksolotul ga masu bincike. Binciken da Randal Voss da abokan aikinsa suka yi a can ya nuna cewa akwai ɓurɓushin gadon salamanda mai zanen damisa a jinin garken, kuma barbara tsakanin 'yan gida ɗaya ta kai matsakaicin kashi 35 cikin 100. Don a gane nauyin wannan adadi, 'ya'yan da aka samu daga haɗa wa da ƙanwa ma'auninsu kashi 25 ne.

Ke nan aksolotul na kasuwa dabbar gida ce da ta shafe sama da shekara 150 a hannun mutum, jininta ya yi kusa da juna, kuma a wurare da yawa ruwa biyu ce. Wannan hukunci bai bar mai duhu a waje ba.

4.0 Yadda launin yake samuwa

Fatar aksolotul tana da ƙwayoyin launi iri uku. Akwai masu ba da baƙi da ruwan ƙasa, akwai masu ba da rawaya, akwai kuma masu ƙyalli da ke mayar da haske. Idan ukun nan suka haɗu yadda ya kamata, sai a sami launin asali: jiki mai duhu, ɗigo-ɗigon zinariya, ciki mai ɗan haske, geza mai ruwan hanta, da zobe mai ƙyalli a kewayen baƙin ido. A ƙasan tafki mai laka da ciyayi wannan launi sutura ce. Zalɓe da ke tsaye a bakin ruwa zai hango fari daga nesa, mai duhu kuwa sai ya motsa.

Sauran launukan duk tawaya ce a ɗaya daga cikin ukun. A jikin farin nan mai baƙin ido, ƙwayoyin launi ba sa bazuwa cikin fata tun yana ƙwai, ja-jan da ake gani jini ne ke bayyana ta fata. Zabiya ba ta iya yin baƙin launi sam, shi ya sa idonta ke da haske, jikinta fari ko ruwan zinariya. Akwai wani baƙi wuluk wanda ba shi da ƙwayoyin ƙyalli, kuma shi ne aka fi rikitawa da mai launin asali. Hanyar rarrabe su ita ce a duba ido: in akwai zoben ƙyalli, na asali ne, in babu, ɗayan ne. Akwai kuma waɗanda aka dasa wa ƙwayar gado daga wata halittar teku domin su riƙa haske kore a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. An fara yin su ne a ɗakin bincike don bin sawun ƙwayoyin jiki, daga baya suka fantsama kasuwa. Wannan dashe na iya kasancewa a jikin mai duhu ba tare da mai saye ya lura ba.

A nan ne ilimin gado ya shigo. Kowane aksolotul yana karɓar ƙwayar gadon launi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar launin asali tana rinjayar ta fari da ta zabiya. Saboda haka dabba na iya zama mai duhu sarai alhali tana ɗauke da ƙwayar zabiya a ɓoye. In aka haɗa irin waɗannan biyu, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu za su fito zabiya, sauran su fito da duhu. Mace kuwa tana zuba ƙwai daga ɗari zuwa dubu a lokaci guda. Wato a tanki ɗaya, daga ciki ɗaya, mai sayarwa zai kwashi farare ya sa musu farashi, ya kwashi masu duhu ya kira su na asali. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, tarihinsu ɗaya. Launin bai faɗi komai ba game da inda kakanninsu suka fito. Hanya ɗaya ta sanin tsarkin jini ita ce gwajin ƙwayoyin gado haɗe da rubutaccen tarihin zuriya, kuma mai shagon kifin ado ba ya da ko ɗaya.

Wani haɗari da ya keɓanta da mai neman launin asali shi ne, 'ya'yan salamanda mai zanen damisa suna kama da ƙaramin aksolotul mai duhu, kuma a Amurka ana sayar da su har a matsayin abin ɗana wa kifi. Wanda aka sayar wa irinsu, wata rana zai ga geza tana ƙanƙancewa, dabbar tana neman fita daga ruwa.

Duk da haka ban zo don in kushe mai launin asali ba. Ina ganin ya fi cancantar a ajiye shi a makarantu da gidajen nuna dabbobi, domin yaron da ya gan shi ya ga kamannin abin da ke tafkin, kuma malami zai iya koyar da darasin ɓuya da darasin gado a kansa. Yana kuma rage kwaɗayin neman baƙon launi, wanda shi ke sa masu kiwo haɗa 'yan gida ɗaya don fitar da abin da zai yi tsada. Wannan amfani ne na gaske, kuma ya isa dalili ba sai an jingina masa ceton jinsi ba.

5.0 Sharuɗɗan kiwo

Buƙatun mai duhu da na fari ɗaya ne. Na farko kuma mafi girma shi ne sanyi. Ruwan da ya fi dacewa da shi yana tsakanin digiri 16 da 18 a ma'aunin Salshiyas. In ya haura 20 dabbar takan fara takura. In ya kai 24 ya daɗe a haka, sai ta daina cin abinci, garkuwar jikinta ta yi rauni, farar fumfuna mai kama da auduga ta kama geza, daga nan sai mutuwa. Dalili biyu ne suka haɗu: ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, jikin dabbar kuma yana ƙara buƙatar iskar yayin da ɗumi ya ƙaru. Ko a Turai masu kiwo suna shan fama da rani. Sukan sa fanka ta riƙa hura saman ruwa, amma digiri kaɗan take ragewa. Sukan jefa robar ƙanƙara, amma wannan yana sa sanyin ya riƙa hawa da sauka, abin da shi ma cuta ne. Abin dogaro shi ne na'urar sanyaya ruwa, mai tsada, mai buƙatar wuta dare da rana.

Na biyu shi ne tsabtar ruwa, kuma a nan ne sababbin masu kiwo suka fi asara. Aksolotul mai yawan kashi ne, kashinsa da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce ga fata da geza. A tankin da ya zauna da gindinsa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna zaune cikin soson matata, suna mayar da amoniya naitirayit, wasu kuma su mayar da naitirayit naitiret, wanda ya fi sauƙin illa kuma ake rage shi ta hanyar canza wani kaso na ruwan kowane mako. Kafin waɗannan halittu su yawaita akan ɗauki mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye. Wanda ya sayi tanki da dabba rana ɗaya ya jefa ta cikin ruwan da babu mai tace shi. Dole amoniya da naitirayit su kasance sifili a ma'auni kafin a saka ta. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe waɗannan halittu, yana kuma ƙona geza, don haka sai an kashe kulorin ɗin tukuna. Dabbar ta fi son ruwa mai ɗan nauyin ma'adinai, wanda bai yi tsami ba.

Ga wani wuri da launi ya shafi aikin mai kiwo kai tsaye. In amoniya ta fara ƙona farin aksolotul, fatarsa takan yi ja, mai shi ya gani da wuri. A jikin mai duhu jan ba ya fitowa sosai, sai cuta ta yi nisa. Fumfuna kam tana bayyana a kansa nan take, amma ita sau da yawa alama ce ta cewa ɓarna ta riga ta faru. Saboda haka mai ajiye da launin asali bai kamata ya dogara da ido ba. Ya mallaki kayan gwajin ruwa da ma'aunin zafi, ya kuma koyi karanta alamun da ba su shafi launi ba: geza da ta lanƙwasa gaba, bakin jela da ya karkace, ƙin cin abinci, yawan tasowa sama.

Sauran sharuɗɗan ba su da sarƙaƙiya. Babba guda ɗaya yana son tanki na aƙalla lita 75, in ya kai 110 ya fi, kuma faɗin ƙasa ya fi tsayi muhimmanci tunda a ƙasa yake yini. Yana cin abinci ne ta hanyar buɗe baki farat ɗaya ya zuƙo duk abin da ke gabansa, don haka tsakuwa haɗari ce, takan toshe masa hanji. A bar ƙasan tankin haka nan ko a zuba lallausan rairayi. Ba shi da fatar ido, ba ya son haske mai ƙarfi, sai a yi masa maɓoya. Ba ya son ruwa mai gudu. Abincinsa mafi kyau tana ce, babba sau biyu ko uku a mako. Ba a haɗa shi da kifi, domin kifi yana tsattsagar geza, shi kuma yana haɗiye ƙananan kifi. Ƙanana suna cizge ƙafafun juna in aka cunkusa su. Ba a ɗaukar sa a hannu don wasa, fatarsa ba ta jure haka.

Akwai kuma batun hayayyafa, wanda mutane ke rainawa. Wanda ya haɗa mace da namiji zai wayi gari da ɗaruruwan ƙwai manne da ciyayi, cikin mako biyu su ƙyanƙyashe, kowane yana son abinci mai rai da wurin kansa. A shekarar 2022 masu kula da dabbobin da aka yasar a ƙasar New Zealand sun koka da yawan aksolotul da ake kawo musu daga gidajen da abin ya fi ƙarfinsu. Raba mace da namiji shi ne rigakafi.

6.0 Halin da ake ciki a Xochimilco

Yayin da tankunan duniya ke cika, tafkin yana ƙarewa. Tun bayan da Sifaniyawa suka ci birnin Aztek a 1521 aka shiga janye ruwan kwarin don tsoron ambaliya da neman fili. Chalco an tsotse shi. Maɓuɓɓugan Xochimilco kuma a farkon ƙarni na 20 aka ja ruwansu zuwa birnin Meksiko, har ta kai yau ruwan da ke cikin hanyoyin yawancinsa ruwan da aka tace ne daga dagwalon birni. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1987, amma gine-gine da magungunan gona da ƙazanta ba su tsaya ba.

Sannan aka zuba baƙin kifi domin samar da abinci da sana'a: kifin kaf daga Asiya, da karfasa, wadda asalinta daga nahiyarmu ta Afirka ne. Karfasar da muke so a miya, a can annoba ce. Kaf yana cin ƙwan aksolotul yana dama laka, karfasa tana cin 'ya'yan, dukansu kuma suna rige shi abinci. Ƙididdigar masana Jami'ar Ƙasa ta Meksiko, UNAM, ta nuna kimanin aksolotul 6,000 a kowace murabba'in kilomita a shekarar 1998. Zuwa 2008 sun koma kimanin 100. A 2014 an sami kimanin 36. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a sahun masu dab da ɓacewa tun 2006.

To, me zai hana a kwaso na tankuna, musamman masu duhu, a zuba a tafkin? Amsar tana cikin abin da ya gabata. Za su shigo da jinin wani jinsi da raunin barbarar dangi cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka rage, suna iya shigo da cuta, kuma ruwan da ya kashe na farko shi zai kashe na biyu. Luis Zambrano na UNAM da abokan aikinsa sun ɗauki wata hanya, wadda nake ganin ita ce daidai. Suna aiki da manoman cinampa: a toshe bakin ƙaramar hanyar ruwa da shingen duwatsu da ciyayi mai tace ruwa ya kuma hana kifi shiga, manomi ya bar maganin feshi, wurin ya zama mafaka. Jami'ar ta kuma buɗe gangamin da mutum zai ɗauki nauyin aksolotul daga nesa da kuɗinsa, ba tare da an ba shi dabbar ba. A shekarar 2025 Alejandra Ramos da abokanta suka wallafa a mujallar PLOS One cewa sun saki aksolotul 18 da aka haifa a tsare, wasu a cinampa da aka gyara, wasu a wani tafkin da aka haƙa, suka bi su da na'ura, dukansu suka rayu tsawon lokacin bibiyar, waɗanda aka sake kamawa kuma sun ƙara nauyi. Labari ne mai faranta rai. A lura dai, masana ne suka zaɓi dabbobin, kuma sai da aka gyara ruwan kafin a sake su.

7.0 Doka da matsayin wannan maƙala

Aksolotul yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, ma'ana ba a ƙetare iyakar ƙasa da shi sai da takardar izini. Dokar Meksiko ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ɓacewa, kama shi daga tafki laifi ne, sayarwa kuma sai daga wurin kiwo mai rajista. A Amurka jihohin California da New Jersey da Maine sun hana ajiye shi, don gudun kada a yasar da shi ya cuɗanya da salamandar ƙasarsu. Saboda haka duk mai sayarwar da ya ce nasa daga tafkin aka kamo shi, ɗayan biyu ne: ko ƙarya yake yi, ko laifi ya aikata. Kowanne ne, bai cancanci a ba shi kuɗi ba.

Ga masu kiwo a ƙasashe masu sanyi, ra'ayina shi ne babu laifi a ajiye mai launin asali, muddin an saye shi daga wanda ya san zuriyarsa, an shirya tankin makonni kafin zuwansa, an shirya zama da shi shekara goma ko fiye, kuma ba za a taɓa sakin sa a kogi ko kududdufi ba.

Ga mu nan kuwa, hotunan dabbar suna iso wa 'ya'yanmu ta waya, kuma duk abin da ido ya so, kasuwa takan nemo shi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a Kano da Sakkwato da Maraɗi yakan kusanci digiri 40 ko ya haura, ruwan da aka ajiye a ɗaki kuma yakan wuce iyakar da dabbar ke jurewa nesa ba kusa ba. Sanyin hunturu na 'yan makonni ba zai ɗauke ta shekara ba. Ɗauke wuta na yini ɗaya a bazara ya isa ya halaka ta. Ina kira ga masu sayar da kifin ado da kada su shigo da ita, ga iyaye da kada su saya wa yara ita, ga sassan nazarin halittu na jami'o'inmu kuma, in suna buƙatar ta don bincike, su fara tanadar ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa kafin su nemi izinin shigo da ko guda ɗaya. Wanda kuma yake son taimakon aksolotul da gaske, ya tura abin da ya sawwaƙa ga aikin gyaran ruwan Xochimilco.